Kafin ki bar gidan mai duka

'Yar'uwa, kada ki faɗa masa za ki tafi. Mai duka ya fi haɗari ranar da ya gane za ki kuɓuce masa. Ki riƙa fitar da kaya kaɗan-kaɗan zuwa gidan wadda kika amince da ita: katin NIN, katin ATM, takardun haihuwar yara da katin rigakafinsu, magani, kaya kala biyu, da kuɗin mota a hannu. Ki sayi sabon layi ki ɓoye, ki riƙa goge kira da saƙonni. In ya ji miki rauni, je asibiti a rubuta, ki ɗauki hoton raunin ki tura zuwa wayar wata. Zai yi amfani a kotu. In rigima ta tashi, guji kicin, wuƙaƙe na nan. Lauyoyin FIDA, ƙungiyar mata lauyoyi, na taimakawa kyauta.