Yadda ake miƙa kiristal ɗin BaFe2As2 don ganin motsin Tc

Tc shi ne matakin sanyin da turjiyar lantarki ke faɗuwa zuwa sifili. A sinadarai masu ƙarfe da ke nuna wannan halin, waɗanda rukunin Hideo Hosono ya buɗe fagensu a Jafan a 2008, ƙanƙanin canji a tazarar atom yana motsa shi. FeSe, haɗin ƙarfe da seleniyam, na da Tc wajen Kelbin 8 (Kelbin ma'aunin zafi ne da ke farawa daga ƙarshen sanyi), amma da matsin gigafaskal 9 sai ya kai kusan 37. Miƙa kiristal ko matse shi ta gefe ɗaya ma yana canza wannan tazarar, ga yadda ake yi.

A fara da BaFe2As2, haɗin bariyam, ƙarfe da arsenik, mai gaurayen kobal, don ya fi FeSe jure wahala. A ɓare shi da reza bisa shimfiɗarsa, a yanka sanda mai tsawon milimita 2, faɗi 0.3, kauri ƙasa da 0.1. Alkiblar yankan ita ce komai: tsawon sandar ya bi [110], wato layin da ke haɗa atom ɗin ƙarfe da maƙwabcinsa mafi kusa. Ta wannan layin ne kiristal ɗin da ba a gauraya ba yake karkacewa da kansa a wajen Kelbin 135. In an yanka ta ɗaya alkiblar, [100], canjin da za a gani kaɗan ne. A tabbatar da alkiblar da hoton Laue, wato hoton X-ray mai nuna jerin atom, kada a dogara da ido.

Sai a manna wayoyin zinare huɗu masu kaurin maikuromita 25 da mannin azurfa, biyu na shigar da lantarki, biyu na aunawa a tsakiya. A kafa bakunan sandar biyu a na'urar fiyezo mai tulin uku, wato na'urar titaniyam da ke ja ko matsa sandar in an ba ta lantarki, da gam ɗin Stycast 2850FT, gam sama da ƙasa.

Nan ake yawan yin kuskure. Gam yana shanye wani kaso na motsin, don haka abin da na'ura ta nuna ya fi abin da kiristal ya samu. Gam a gefe ɗaya kuma lanƙwasa sandar yake yi, sama ta miƙe ƙasa ta matse, sai faɗuwar turjiya ta yi faɗi maimakon ta zo lokaci guda. Sanda siririya mai tsawo tana lauyewa in an matsa ta. Tsalle kwatsam a turjiya, tsagewa ce.

Wurin sifili, wato inda sandar ba a miƙe take ba kuma ba a matse ba, shi ma ba ya nan inda aka bar shi, domin titaniyam da kiristal ba sa tsukewa daidai a sanyi. A nemo shi daga ma'aunin: a gauraye mai Tc kusa da ƙololuwa, miƙewa da matsewa duka suna sauke Tc, kamar yadda rukunin Jiun-Haw Chu ya nuna a 2020, don haka inda Tc ya fi yawa yana kusa da wurin sifilin.

FeSe kuwa laushi gare shi, yana ɓarewa falle-falle. A manna shi gaba ɗaya a kan farantin titaniyam, a miƙa farantin.