Yadda Ake Auna Ramin Ƙonewar Mai a Injin Motar Tsere

Idan an tashi daga tsere, masu bincike kan sa a kwance kan injin motar da ta zo gaba. Abin da suke nema shi ne girman ramin nan da ke jikin kan injin, a saman kowace silinda, inda fetur da iska ke ƙonewa. Wanda ya kankare kan inji ya rage ramin, matsi, wato yadda fistan ke matse fetur da iska, ya ƙaru, mota ta ƙara ƙarfi. Shi ya sa dokokin gasa da yawa suke yanke iyakar ƙanƙantarsa da cc. Da yake cc 1 daidai yake da mililita 1, da ruwa ake awon.

Ka tanadi biyuret, wato dogon bututun gilashi mai zanen awo da ɗan famfo a ƙasa, mai cin cc 100. Ka nemi farantin roba mai kauri wanda ake gani ta cikinsa, da ƙaramar huda kusa da gefe. Sai giris da sifirit da aka ɗiga wa launi.

Da farko ka bar ƙarfen ya huce sarai. Ka duba dokar gasar kan baƙin da ya daskare a ramin, domin wata ta yarda a goge, wata kuma ta ce a auna yadda aka yi tseren. Ka ɗaura fulogin da aka yi tseren da shi, ka shafa giris kaɗan a bakin bawul ka rufe su, ka goge wanda ya ɓullo.

Daga nan ka kifa kan injin, ramin na kallon sama. Shafa giris siriri a kewayen ramin, ka danna farantin a kai, ka ɗan karkata kan injin yadda hudar za ta zama a wuri mafi tudu.

Cika biyuret, ka buɗe famfon har ruwa ya kori iskar da ke bakinsa, sannan ka tsayar a kan sifiri. Idonka ya yi daidai da saman ruwan, ka karanta daga gindin lanƙwasarsa.

Yanzu ka zuba a hankali. A nan ne haƙuri yake da rana. Za ka ga ruwa mai launi yana bin ƙasan farantin, kumfar iska na tsukewa tana gudu zuwa hudar. Idan wata ta maƙale kusa da fulogi, ka ɗan ƙwanƙwasa da yatsa. Kada ka raina ta: kumfa ko giris da ya kutsa ciki suna rage awo, sai a kama mai gaskiya da laifin da bai yi ba. Yoyo ta bawul kuwa ƙara awo yake yi, mai maguɗi ya wuce salin alin. Da ruwa ya taɓa gindin hudar, rufe famfo ka karanta.

Idan matsi dokar ta ƙayyade, ka haɗa awon ramin da girman gibin gasket da ratar da ta rage a saman fistan da kwarminsa, ka cire tudunsa idan yana da shi. Silinda mai cc 500 da jimillar gibi cc 50 tana ba da 550 (500 da 50) a raba da 50, wato 11:1. Gibin ya koma 48, matsi ya haura 11.4:1. Saboda haka ka busar da ramin ka sake awo a gaban mai motar, ka rubuta lambar kowace silinda daban.