Kowacce ta samu abokiyar kwanakin bayan kemo

'Yan uwa, sannunmu da jiki, Allah Ya ƙara mana sauƙi. Shawarata gare mu masu karɓar kemo, wato maganin ciwon daji, ita ce kowacce ta nemi ɗaya a cikinmu wadda ranakun kemonsu suka zo kusa, su riƙa jin lafiyar juna kowace safiya.

Ranar ƙarin ruwan kemo kowa yana tambayar lafiyarki. Kwanakin da suka fi buƙatar sa ido su ne na 7 zuwa 14 bayan kemo, lokacin da fararen ƙwayoyin jini suke raguwa, garkuwar jiki ta yi ƙasa, mutane kuma sun koma harkokinsu. Ki tura wa abokiyar taki saƙo: "Yaya kika tashi? Kin auna zafin jikinki?" Idan ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius, ko tana rawar sanyi, kada ki ce ta sha farasitamol ta kwanta, domin yana ɓoye zazzaɓi. Ki matsa mata ta kira asibitinta nan take, ko da tsakar dare ne.

Ba dole kullum hirar ciwo ba. Wata rana ku yi ta zancen ɗankwalin da ya fi zama a kai tun da gashi ya zube. In ta yi shiru kwana guda, ki kira wanda yake jinyarta.