Yadda Ake Kafa Lambu a Saman Bene da Yadda Ake Kula da Shi

A birane irin su Kano, Kaduna da Maraɗi filayen gidaje sun tsuke, tsakar gida kuma an malale ta da siminti, har ya zama wurin da ya rage wa mai sha'awar shuka shi ne saman bene, inda rana take wuni. Sai dai kafin a yi maganar iri ko taki, tilas a fara da rufin kansa, domin shi zai ɗauki nauyin, kuma shi zai fara lalacewa idan aka yi ganganci.

Rufin kwano ba ya cikin wannan lissafi. Haka nan soron ƙasa da aka yi da azara, ko da an shafe shi da makuba, bai dace ba, saboda danshin kullum yana cin ginin ƙasa. Abin da ake nufi shi ne rufin kankare, wanda magina suke kira dekin, shi ma sai an kira injiniyan gini ya duba shi. Dalili kuwa shi ne nauyi: kowace lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tankin lita 1,000 tan guda ne idan ya cika, jarka mai lita 25 kuma da aka cika da jiƙaƙƙiyar ƙasa tana kai wa wajen kilo 40. Jarkoki ashirin a kusurwa ɗaya sun tasam ma tan guda ke nan. Saboda haka a jera masu nauyi a kan ginshiƙai da layin bangayen da suke ƙasa, a bar tsakiyar rufin ga ƙananan mazubai. A toshe duk wata tsaga, a shafa kwalta ko wani maganin yoyo, a kuma tabbatar indararo a buɗe yake. Wanda yake haya ya nemi izinin mai gida tukuna.

Kada a zuba ƙasa kai tsaye a kan kankare. A yi amfani da buhunan shinkafa, bokitan fenti da aka wanke sosai, jarkokin da aka yanke, ko tsofaffin bahuna, a huda ƙasan kowanne, sannan a ɗora su a kan bulo ko katako domin ruwa ya wuce, iska ta busar da ƙarƙashinsu. Alayyafo, salak da albasa mai lawashi suna wadatuwa da zurfin santimita 15 zuwa 20, amma tumatir, tattasai, attaruhu da kuɓewa suna son 30 zuwa 40.

Haɗin ƙasa shi ne inda mafi yawan masu farawa suke tuntuɓe, domin sukan ɗebo laka ko jar ƙasar gini, wadda take daskarewa ta hana saiwa numfashi, ga kuma nauyi. Abin da ya fi shi ne a haɗa ƙasar gona mai laushi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, da ɓuntun shinkafa kashi ɗaya, wanda ake samu da araha a wurin masu injin casa. Ɓuntun yana rage nauyi, yana kuma sa ƙasa ta yi sako-sako. Takin awaki ko na shanu da ya daɗe ya yi baƙi shi ake so. Ɗanyen kashin kaji kuwa zafinsa yana ƙona shuka, sai an tara shi ya ruɓe tukuna.

A ganina lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne ƙarshen damina zuwa shigowar hunturu, wato daga Oktoba zuwa Nuwamba. Sanyin dare shi tumatir, salak, karas da kabeji suke so, shi ya sa manoman rani na Kadawa da Kura a jihar Kano suke samun tumatirinsu mafi kyau da hunturu. Ana rainon tumatir a ƙaramin mazubi na mako uku zuwa huɗu, tattasai kuma ya ɗan fi haka daɗewa, kafin a dasa su da yamma. Alayyafo yayyafa shi ake yi, kuma cikin wata guda ana fara tsinka, don haka shi ya kamata sabon shiga ya fara gwadawa. Idan damina ta sauka sai a koma ga kuɓewa, yakuwa, rama da lalo.

Bazara ita ce jarrabawa. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, kankare kuma yana riƙe zafin yana mayar wa shuka har bayan magariba, furen tumatir ya riƙa zubewa ba tare da ya ƙulla ɗa ba. A kafa rumfar zana ko raga wadda za ta tare ranar azahar, a ɗaure ta da kyau saboda guguwar farkon damina, a rufe saman ƙasa da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa. Ban-ruwa da sassafe ake yi, a ƙara da yamma idan an tura yatsa an ji ƙasar ta bushe. Mai fita aiki zai iya binne ƙaramin tulu a babban mazubi ya cika shi da ruwa, ya riƙa tsattsafowa a hankali. Ruwan alwala da na wankin shinkafa ko ganye duk suna da amfani, amma ban da wanda aka sa omo ko bilic a ciki. Tanki kuma ya zauna a rufe saboda sauro.

Ƙwari suna hawa bene. Ɗarɓa da farin ƙuda suna maƙalewa a bayan ganye, ga kuma tsutsar nan da manoma suke kira sharon, wadda ta yi wa tumatir mummunar ɓarna a Kano da Kaduna a 2016. A riƙa juya ganye ana dubawa, a cire wanda ya kamu a ƙona. A daka 'ya'yan darbejiya kamar giram 50 ga kowace lita ta ruwa, a jiƙa su kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma duk mako. Tsuntsaye da ƙadangaru kuwa tsohon gidan sauro ya isa ya kare tsiro daga gare su.

Bayan kowane girbi a juye ƙasar, a ƙara taki, kuma kada a maimaita tumatir, tattasai ko attaruhu a mazubi ɗaya, tunda danginsu ɗaya, cutarsu ma ɗaya. A share ganye da ƙasar da suka taru a bakin indararo, a riƙa duba silin ɗakunan da suke ƙasa ko danshi ya fara nunawa. Idan rufin ba shi da katanga a gina ta ta kai ƙugun babban mutum saboda yara, sannan a gefen da yake kallon tsakar gidan maƙwabta a ɗaga zana ko asabari, a kuma sanar da su tun kafin a fara hawa safe da yamma.