Yadda Ake Koyon DPS a Final Fantasy XIV Ba Tare da Ka Zame wa Tawaga Kaya Ba

Yawancin sababbin shiga wasannin intanet irin su Final Fantasy XIV da World of Warcraft aikin DPS suke zaɓa, wato mai dukan dodo, don suna ganin shi ne mara nauyi. Tanki ne ke tare duka, mai magani ne ke riƙe da ran kowa, kai naka sara da harbi kawai. Da wannan tunani suke shiga kogon farko, wato wurin da tawaga ke shiga ta yaƙi dodanni da bos, babbansu, da shi kuma suke wahalar da mutane har lebul 50. Ni mai magani nake bugawa a mafi yawan lokuta, daga baya nake tsayawa ina kallon kowa, kuma kurakuran da nake gani kusan iri ɗaya ne kullum. Zan yi bayani a kan Final Fantasy XIV na kamfanin Square Enix, wanda aka sake fitarwa a 2013 da sunan A Realm Reborn, amma yawancin abin da zan faɗa zai yi maka aiki a sauran wasannin.

A kogon mutum huɗu, tanki ɗaya ne, mai magani ɗaya, DPS biyu. Ka riƙe wannan lissafin. Idan ba ka duka yadda ya kamata, babban kaso na ƙarfin tawaga ya tafi, faɗa ya yi tsawo, tanki ya ƙarar da garkuwoyinsa, mai magani ya shiga uku. Sau da yawa idan tanki ya faɗi a tsakiyar tarin dodanni, laifin na masu dukan ne da suka bar su da rai har tsawon wannan lokaci.

Mataki na farko: zaɓi aiki ɗaya ka zauna a kansa

Ka fara da Archer a garin Gridania, wanda ke zama Bard a lebul 30. Kada ka fara da Thaumaturge, mai sihirin wuta. Na san akwai masu musun wannan, amma maharbi yana iya duka yana tafiya, shi kuwa mai sihirin wuta sai ya tsaya cak yana jiran karatunsa ya cika, kuma sabon shiga bai san inda ake tsayawa ba tukuna. Idan ka matsu sai ka yi faɗan kusa da kusa, ɗauki Lancer, mai mashi.

Batun kuɗi: wasan yana da gwajin kyauta mara wa'adi, har da ƙarin Heavensward da Stormblood a ciki, don haka kada ka biya ko sisi sai ka tabbatar kana son sa. Inda kuɗi ke tafiya shi ne data wajen saukewa, gigabayit ne masu yawan gaske, ka nemi inda ake da wayifai. Ka kuma buɗe jaruminka a sabar Turai, wato kwamfutocin kamfanin da wasan ke gudana a kansu, Chaos ko Light, domin su ne suka fi kusa da mu.

Ka riƙa yin ayyukan ajinka da zarar sun buɗe. Abin takaici ne ka ga mutum a lebul 40 yana nan a Archer, bai je ya karɓi dutsen aikinsa na Bard ba, wasu makamansa, wato hare-haren da ake dannawa, na can ajiye bai sani ba.

Mataki na biyu: gyara allo da maɓallai

Ka daina danna makamai da linzami. Ka ɗora su a kan 1 zuwa 5, da Q, E, R, F, sauran ka haɗa da Shift. Ba sai ka sayi linzami mai maɓalli goma sha biyu ba, mai biyu a gefe ya wadatar, kuma wasan yana tafiya lafiya lau da abin riƙo na PlayStation. Sannan ka shiga HUD Layout ka jawo sandar da ke nuna abin da bos ke shirin yi zuwa kusa da jaruminka, ka ƙara mata girma. Ka ja kyamara baya iyakar yadda za ta je.

Mataki na uku: hannu kada ya tsaya, ƙafa kada ta makara

Nan ne maganar take, kuma nan ne kusan kowa ke faɗuwa.

Manyan makamanka agogo ɗaya suke bi, ana ce masa GCD. Ka danna ɗaya, duk sauran su jira kamar daƙiƙa 2.5. Ƙarfin DPS ba a makami mai walƙiya yake ba, yana cikin kada wannan agogon ya taɓa zama a banza. Wanda ya danna makamin da bai dace ba amma bai tsaya ba, ya fi wanda ya san tsari daidai amma yana tsayawa yana tunani tsakanin duka da duka. Wasan yana karɓar dannawa kaɗan kafin agogon ya cika, saboda haka ka fara danna na gaba tun kafin ya haska.

Akwai kuma ƙananan makamai da ba sa bin wannan agogo, irin su Bloodletter da Raging Strikes na maharbi, ko Life Surge na mai mashi. Su ana cusa su ne a tsakani. Ka tuna mata masu lugude: taɓarya na sauka a kan kari, tafi yana shiga tsakanin saukarta, kuma ba a jinkirta taɓarya don a yi tafi. Mutanen da ke zaune kusa da saba suna cusa biyu a tsakani ba matsala. Mu da saƙonmu sai ya je Turai ya dawo, sau da yawa na biyun yana cinye lokacin babban duka. Idan ka lura agogon ya cika amma jaruminka bai gama motsin ƙaramin makami ba, koma cusa ɗaya ɗaya. Ba abin kunya ba ne, dukanka ma ƙaruwa zai yi.

To ga inda ake rabuwa gida biyu. Kashi na farko sun ji an ce kada a tsaya, sai su kafa ido a kan maɓallai, ƙasa ta yi ruwan lemo a ƙarƙashinsu, alamar duka zai sauka a wurin, ba su gani ba, sai dai ka ga sun kife. Kashi na biyu kuma tsoro ya cika su, da ganin alamar lemo sai su ruga har bangon fili, su tsaya can suna jira, daƙiƙa goma ta wuce ba su taɓa bos ba. Dukansu asara ne. Abin da ake so shi ne ka fita daga alamar da taku kaɗan, iya abin da zai fitar da kai, hannunka na ci gaba da aiki, ka dawo nan take.

Ga abin da ba a cika gaya wa sababbi ba. Wasan yana yanke hukuncin wanda duka zai samu ne a lokacin da alamar lemon ta ɓace, ba lokacin da ka ga wutar ta tashi ba. Shi ya sa za ka ga mutum ya fita sarai, yana tsaye a fili mai tsabta, amma ransa ya zube, yana rantsuwa wasan ya cuce shi. Bai cuce shi ba, a idon saba yana ciki lokacin da alamar ta ɓace. Mai ping mai yawa, wato wanda saƙonsa ke daɗewa kafin ya je saba ya dawo, dole ya fita da wuri fiye da yadda idonsa ke gaya masa. Amfanin sanin wannan kuma, da zarar alamar ta ɓace kana iya komawa wurin ko da wutar na ci a allo, ba abin da zai same ka a yawancin hare-hare. Mai faɗan kusa da ya gane wannan yana samun ƙarin duka a kowace alama.

Idan abin ya zo da zaɓi tsakanin duka ɗaya da rai, zaɓi rai. Wanda aka tayar yana tashi da Weakness, ƙarfinsa ya ragu da kashi 25 cikin 100 na wani lokaci, idan ya sake mutuwa kafin ta sauka ragin ya koma rabi. Ga kuma abin da mai magani ya kashe wajen tayar da shi. Sannan idan an tayar da kai, kana da 'yan daƙiƙu da duka ba ya kama ka matuƙar ba ka danna makami ba. Ka yi amfani da su ka matsa wuri mai kyau, ka bari a cika maka rai. Na ga mutane da yawa suna tashi da ɗan guntun rai, su danna hari nan take, su sake kwanciya a inda suka tashi.

Maganin duk wannan gunkin atisaye ne, akwai su a wajen garuruwa da unguwannin gidaje. Ka tsaya gabansa ka maimaita tsarinka har sai ka iya yi kana zagaya gunkin, idonka a kansa, ba ka leƙa maɓallai ba. Ranar da ka iya haka, ranar ka fara zama DPS. Kafin nan kuma ka karanta bayanin kowane makami da kanka, wasu ba su taɓa tsayawa sun karanta ba.

Mataki na huɗu: zama da tawaga

A lebul 15 ka shiga Hall of the Novice, wurin koyar da sababbi, kafin kogon Sastasha, akwai kaya masu kyau da ake bayarwa. Idan kana jin nauyin mutane, ko wuta ba ta da tabbas a unguwarku, yi kogunan labari da Duty Support inda jaruman kwamfuta ke raka ka, ba wanda za ka bari a tsakiyar faɗa.

Da mutane kuwa, kada ka riga tanki. Idan ya ruga yana tara dodanni, danna Sprint ka bi shi. Idan wani dodo ya biyo ka, kada ka gudu da shi nesa, kai shi wurin tanki. Dodanni uku ko fiye, koma makamin da ke dukan taro, irin Quick Nock, ka daina bin su ɗaya bayan ɗaya. Wannan kaɗai yana rage tsawon kogo ƙwarai. Kibiyoyi masu nuna kan mutum ɗaya na nufin a taru a kansa a raba dukan, idan a kanka suke kada ka gudu. Alamar ido a jikin bos na nufin juya masa baya. Ka rubuta cewa karonka na farko ne da shigarka, alamar tsiro da ke gefen sunanka ma tana sa mutane su yi maka uzuri.

Sauran abubuwa

Second Wind naka ne idan kai maharbi ne ko mai faɗan kusa, yi wa kanka magani da shi. Feint ga masu faɗan kusa da Addle ga masu sihiri suna rage ƙarfin bos, jefa su kafin babban harinsa. Mai faɗan kusa ya koyi waɗanne makamai ke son bayan bos da waɗanda ke son gefe, True North na ɗauke wannan sharaɗi na ɗan lokaci. Limit Break, babban harin da tawaga ke tarawa tare, a kan bos na mai faɗan kusa ne, ya danna kafin bos ya kusa mutuwa, ba a ajiye shi don ba ya bin ka gida. Gyara kayanka wurin mai gyara kafin su lalace, ka sabunta makamin da ke hannunka, baka ko mashi, kafin komai. Manhajar auna duka kuwa dokar kamfanin ta hana, ka rabu da ita. Idan ka kai manyan lebul za ka tarar yawancin makaman ƙara wa tawaga ƙarfi suna dawowa duk minti biyu, a nan za ka koyi tara manyan hare-harenka su faɗo daidai wannan lokaci tare da na sauran.