Lokacin saka fure a bayan cuku

Masu yin cuku mai laushi irin na Faransa a gida, Camembert ko Brie: kada ku saka busassun furanni a ranar farko.

Ku jira farar funfunar da ke fitowa a irin wannan cuku ta lulluɓe bayansa, wajen kwana 10 ke nan. Sai ku danna furen a hankali da tsabtataccen hannu, ku naɗe. Funfunar za ta ɗan ci gaba da girma ta riƙe shi.

Na taɓa yin gaggawa, funfunar ta binne furen gaba ɗaya, na yi asara.

Dole furen ya bushe ƙayau, mai danshi ruɓewa yake yi. Kada ku cika furen, cukun yana bukatar iska. Zoɓorodo kuma launinsa yana zuba, ga tsami.

Furen kwalliya na kanti ana yi masa feshin magani, ba na ci ba ne.