Kurakuran da ake yi wajen koya wa ɗaliban likitanci ladabin aiki da iya magana

Ɗalibin likitanci kan shafe shekara 6 yana karatu, ya fito yana lissafo jijiyoyin hannu ido rufe. Amma tsayar da shi gaban dattijuwar da aka kawo daga Rigasa, ka ce ya sanar da ita ciwon suga ya ci ƙafarta sai an yanke, nan za ka ga gumi. Yawanci ba laifinsa ba ne. Yadda ake koyar da shi ne.

Babban kuskure shi ne mayar da ladabin aiki lacca. A tara ɗalibai a aji, a karanta musu rantsuwar likitoci ta Janiba ta 1948 da kundin ɗa'a na Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, su haddace su ci jarrabawa. Washegari a zagayen duba marasa lafiya, babban likita ya iso bakin gado ba sallama, ya ce "wannan ne mai hantar?", ya yaye wa bawan Allah riga ba a ja labule ba, ɗalibai sun yi cincirindo suna leƙe. To wanne darasi ne zai zauna? Na idon. Gyaran bai kai minti guda ba: "Sannu Baba, ya ƙarfin jiki? Waɗannan ɗalibaina ne, ka yarda su duba ka?" In ya ce a'a, a yi masa godiya a wuce gado na gaba, ƙin nan ma darasi ne. Haka in ɗalibi ya yi shirme, a ja shi baranda a yi masa faɗa. Wanda aka tsinka a gaban majinyaci, ran da ya samu iko, a kan nas zai huce, ko a kan mai jinya.

Sai batun harshe, wanda a ganina an fi sakaci da shi. Littattafan da Turanci suke, jarrabawa da Turanci, alhali akasarin masu cika layi a Asibitin Barau Dikko na Kaduna ko na Shika a Zariya da Hausa za su faɗi damuwarsu, wasu ma Fulatanci ko Gbagyi ya fi musu sauƙi. Hausar cinikin kasuwa ba ta isa a yi wa mutum bayanin ciwon daji ba, ko ga wanda aka haifa cikinta, sai ya gwada. Salon jarrabawar da malamin likitanci Ronald Harden ya fito da shi a birnin Dundi na Birtaniya a 1975, inda ɗalibi ke zagaya tashoshi ana auna shi a aikace, ya ba da dama: a ware tasha guda wani ya kwaikwayi majinyaci, a yi ta da Hausa zalla. A kuma hana ɗalibai ɗabi'ar kama duk wanda ke kusa ya zama tafinta. Yaro ɗan shekara 12 ba zai tambayi mahaifiyarsa zancen al'ada ba, ita ma ba za ta amsa ba. A nemo nas mace.

Akwai kuma katse magana. Wani bincike da aka yi a Amurka a 1984 ya gano likitoci kan katse majinyaci bayan kimanin daƙiƙa 18 da fara bayani. Mutuminmu kuwa sai ya gaisa, ya kewaya, kunya ta riƙe shi, ainihin abin da ya kawo shi sai yana saka takalmi zai ce "af, likita, sai kuma…". A saba wa ɗalibi da tambayar "akwai wani abin kuma, Malam?" kafin ya rufe fayil.

Neman amincewa ma an mayar da shi dangwala yatsa a takarda. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta nemi a yi wa mara lafiya bayani da harshen da yake ji, daidai da iliminsa. Mu a Arewa mun san tsadar wannan: gwajin maganin Trovan a kan yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya bar taƙaddama kan ko iyaye sun fahimci abin da ake yi, kuma yana cikin abin da mutane suka riƙa ambata sa'ad da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Shawara da miji ko dangi abu ne mai kyau, amma baligar mace mai hankalinta ita ce mai amincewa. A koya wa ɗalibi ya ce, "Mama, ɗan maimaita min abin da na faɗa, in ji ko na yi bayani daidai."

Sirri ba sai an ja magana ba. Hoton rauni ko sakamakon gwaji ba ya shiga zauren WhatsApp na aji, ko da an rufe fuska.

Wajen mummunan labari, abin da ɗalibai ke kwaikwaya shi ne "sai dai addu'a" a tsaye, a juya. Addu'a dole ce, amma ba ta ɗauke wa likita bayani. Ya samu kujera ya zauna, ya tambayi abin da mutumin ya riga ya sani da wanda yake so ya zauna tare da shi, ya faɗa kaɗan-kaɗan, ya yi shiru a yi kukan, sannan ya faɗi abin da za a iya yi: maganin raɗaɗi, da ranar dawowa.

Duk wannan in ba shi da maki, ɗalibi ba zai ba shi lokaci ba, ga tarin karatu a gabansa. A sa shi a littafin da ake sa musu hannu a kowane sashe, kuma a riƙa tambayar nas-nas na ɗakin kafin a ba da makin, don su ke ganin halin ɗalibi bayan babban likita ya tafi.